Asabar Ɗin da Manya Biyu Suka Yi wa Motar Oga Juye

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ofisoshin da na zauna ko launin bangonsu ba na iya kawowa, amma ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da manyan jami'anmu biyu suka yi wa motar Oga Sambo juye ba. Ku da kuka shigo aiki yanzu kuna ganin hotunansu a ɗakin taro, kowa ya sha babbar riga yana murmushi. To ku gyara zama ku ji abin da hannunsu ya iya.

A lokacin ina mataki na tara, jami'in gudanarwa, an ajiye ni a ofishin Darakta. Aikina bin fayil, in kai in karɓo, in tuna wa Oga abin da ke jiran sa hannunsa. Ga wanda bai san tsarinmu ba, Darakta shi ne kan sashe. Ƙasa da shi akwai kujerar mataimaki guda ɗaya, ƙasa da ita sai shugabannin ɓangarori. A shekarar, kujerar mataimaki babu kowa a kanta, mutum biyu kuma suna hararar ta: Alhaji Tanimu na ɓangaren ayyuka, da Mista Bulus na ɓangaren kula da kadarori. Jarrabawar ƙarin girma duk sun yi, amma kowa ya san abin da Darakta ya rubuta a kan mutum shi ke da nauyi. Tun daga nan fadanci ya zama aikinsu na farko, na gwamnati ya koma na biyu. Oga ya yi tari, su biyun su yi rige-rigen cewa sannu.

Shi Oga Sambo mutum ne mai sanyi, ga kunya kamar me. Ba ya shan komai, ba ya yawo, abu ɗaya ke ɗauke masa hankali a duniya, wato wata tsohuwar motar tsere da ya gada wurin mahaifinsa. Kore ce shar, ƙofa biyu, kujera biyu, gajeriya har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Mahaifin ne ya taho da ita ta jirgin ruwa lokacin da ya gama karatu a waje, Oga yana yaro. Kuma shi ya koya masa yi mata juye da hannunsa, wato zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. Tun rasuwar tsohon babu bakaniken da ya taɓa injin nan. Motar ofis direba ke kai ta gareji, wannan kuwa Oga da kansa yake shimfiɗa kwali a tsakar gida ya kwanta ƙarƙashinta. Man ma ba irin na gidan mai ba ne, wani mai kauri ne na tsofaffin injuna da 'yarsa ke aiko masa daga waje. Ya taɓa ce mini duk abin da ya mallaka a Abuja ana iya sayen wani, ban da injin nan.

Ranar da nake ba ku labari cikin damina ce, da hantsi. Na tafi gidansa da ke gindin hanyar Mpape da fayiloli masu gaggawa. Ina shiga na tarar da abin dariya. Oga yana kwance ƙarƙashin mota da tsohon wando da singileti, ƙafafunsa kawai ake gani. A gefe ga Alhaji Tanimu cikin shadda mai sitati, ga Mista Bulus cikin fararen kayan motsa jiki da ba su taɓa ganin gumi ba. Wai gaisuwa suka zo. Kun san a wurinmu ba a tsayawa a kan oga, to tunda shi yana ƙasa, su ma sai suka tsuguna, kowa ya leƙa kansa ƙarƙashin mota yana yaba aiki.

"Masha Allah, ranka ya daɗe, wannan hannu ai ko Bature sai haka," in ji Alhaji Tanimu.

"Oga, wannan mota ya fi sabo kyau, wallahi," in ji Mista Bulus.

Oga ya ce a miƙo masa sifana, su biyun suka cafki guda ɗaya suna ja. Mutanen da ko tayar motarsu ba su san inda take ajiye ba! Na gaishe su na koma gefe da fayilolina.

Oga ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya tsiyayo cikin wani tsohon baho. Ya cire tsohuwar filta ya ɗaura sabuwa, ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya ajiye notin a kan kwali kusa da taya, ya ce shi ba ya gaggawar mayar da shi, yakan bar injin ya gama ɗiga tas tukuna. Galan ɗin sabon mai na tsaye gefe da mazurari a kansa. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, daga ofishin Babban Sakatare. Ya dube ni ya ce, "Habibu, taho da fayilolin nan ciki." Ya dubi manyan ya ce, "Ku yi haƙuri, yanzu zan fito." Muka shige falo.

Abin da ya faru a waje ban gani da idona ba. Na ji shi daga bakin Baba Audu maigadi, na kuma ji daga bakinsu su biyun daga baya, kowa ya same ni shi kaɗai yana ɗora wa ɗan'uwansa. Da na haɗa ƙaryar wannan da ta wancan sai gaskiya ta fito a tsakiya.

Muna shiga ciki, Alhaji Tanimu ya ce ai bai kamata Darakta guda ya fito ya ci gaba da wahala manyan ma'aikatansa na tsugune ba. Ya sungumi galan. Mista Bulus ya ga za a bar shi a baya, ya yi wuf ya riƙe mazurari. Ramin zuba mai dai sun gane shi, don Oga ya bar shi a buɗe. Suka tuttule galan ɗin nan kaf, har da girgiza shi kada ɗigo ya rage. Suna taya juna murna, sai Mista Bulus ya ji sanyi a takalminsa. Ya duba ƙasa, baho ya cika ya tumbatsa, mai na malala a kan siminti. Noti na nan kan kwali inda Oga ya ajiye shi. Sabon man da aka aiko daga wata duniya ya shiga ta sama ya fice ta ƙasa, ya gauraye da baƙin da aka zubar.

To wannan kuskure ne, kowa na iya yinsa, ni ma da ban san mota ba ina iya yi. Da a ce sun jira Oga ya fito sun ce, "Yallaɓai, mun yi ɓarna," da galan ɗaya aka rasa. Zai ɓata rai, ya rufe motarsa ya jira a aiko wani, shi ke nan. Amma ina! A tarbiyyar ofishinmu labari mara daɗi ba ya hawa bene. Kuma kowannensu ya lissafa cewa wanda ya fara buɗe baki shi ya rasa kujera.

Sai suka yi abin da suka fi ƙwarewa a kai, suka yi ɗan taro. Suka yanke cewa tunda kira ne daga sama, lalle Oga wanka zai yi ya wuce ofis, ba zai tada motar yau ba. Ranar Litinin, yana wurin aiki, sai a turo bakanike a ɓoye ya zuba ko wane irin mai. Za a gyara daga baya, kalmar da ta rusa rabin ayyukan ƙasar nan. Mista Bulus ya kwanta da fararen kayansa ya ɗaure noti. Alhaji Tanimu ya kira Baba Audu ya ce ya ɗauke bahon ya kai bayan gida, ya watsa yashi a wurin ya share. Shi bawan Allah ya ɗauka tsohon mai ne aka saba ba shi ya kai wa masu shafa wa katako. Aka sauke mota daga kan jak, aka goge ta tana ƙyalli. Injin mahaifin Oga kuwa fayau, babu komai a ciki sai ɗan maiƙon da ya manne.

Wayar ta ɗauki lokaci, amma a ƙarshe Babban Sakatare bai nemi ganinsa ba. Oga ya sa hannu a fayilolina muka fito. Ya ga mota a ƙasa, galan a kife. Ya tsaya cak.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ranka ya daɗe, mun hutar da kai ne," in ji Alhaji Tanimu, yana ɗaga hannun rigarsa da ya ɓaci da mai yadda Oga zai gani da kyau. "An gama komai."

"Notin fa?"

"Ni na ɗaure da hannuna, Oga," in ji Mista Bulus, ya juya bayansa a ga dattin.

Na ga fuskar Oga ta canza, bai ji daɗi ba ko kaɗan, amma ya haɗiye. Ya sunkuya ya laluba notin, ya ji shi tam. Sannan ya miƙa hannu zai zaro geji, siririn ƙarfen nan da ake dubawa a ga inda mai ya tsaya. Har yatsansa ya shiga zoben. Sai Alhaji Tanimu ya dafe ƙirji.

"Haba ranka ya daɗe! Da furfurata? Ni da kaina na duba, yana kan layi daidai. Ko ba ka yarda da mu ba ne?"

Alhaji Tanimu ya girmi Oga da shekaru, ko da yake Oga ne sama da shi a aiki. Kuma ga ni tsaye, ƙaramin ma'aikaci, ga maigadi. A ganin Oga, ya zaro gejin nan a gabanmu daidai yake da ya ce wa dattijo kai maƙaryaci ne. Sai ya yi kara. Ya janye hannunsa, ya ce, "A'a Alhaji, wane ni. Na gode, Allah ya saka." Ya rufe bonet. Wallahi har gobe idan na tuna hannun nan yana janyewa sai raina ya ɓaci. Mutumin da ya shekara da shekaru ba ya tada motar nan sai ya duba, rana ɗaya kunya ta hana shi.

Ya ce to bari a zaga da ita mai ya ratsa, haka yake yi bayan kowane juye. A nan ne ya kamata in gane akwai wata a ƙasa. Kujerar gefen nan, duk zuwansu sai sun yi ta ƙananan dabaru a kanta, kowa na so a gan shi kusa da Darakta a titi. Ran nan kuwa Alhaji Tanimu ya ce gwiwarsa ta motsa, ba ya iya durƙuso. Mista Bulus ya ce kayansa sun yi datti, kada ya ɓata kujera. Oga ya ce, "To Habibu, shigo." Ni kuwa har ina jin daɗi, na ce yau talaka ya samu shiga.

Ya murza makulli. Injin ya tashi da wata 'yar ƙara, kas-kas-kas. Ya kasa kunne, ya ce sabuwar filta ce ba ta gama cika ba, takan yi haka. Allurar da ke nuna ƙarfin mai ta daɗe da mutuwa, bai samu irinta ba, don haka babu abin da zai faɗa masa gaskiya sai mutanen nan biyu. Suna tsaye dab da tagarsa. Kalma ɗaya ta isa: "Kashe!" Ba su faɗa ba. Alhaji Tanimu ya ɗaga hannu biyu yana cewa Allah ya tsare, Mista Bulus ya ruga ya taya maigadi buɗe ƙofa. Suka ɗaga mana hannu muka fita.

Muka hau hanyar Mpape. Kun san hawan nan, ga tifofi masu ɗauko dutse suna gurnani, ba ka jin ko maganar na kusa da kai. Oga yana ba ni labarin ranar da mahaifinsa ya fara ɗora hannunsa a kan sitiyarin nan, yana dariya, ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi haka a ofis ba. Muna bayan wata tifa ya taka totur zai wuce ta. Sai muka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal daga gaba, kamar ana dukan tukunya da muciya. Wani ƙauri ya cika motar. Ya kai hannu zai kashe, kafin ya kai ta yi wata girgiza ta mutu da kanta. Da ƙyar ya gangara da ita gefen titi.

Ya fita ya buɗe bonet, hayaƙi ya taso. Ya naɗe hannu da tsumma ya zaro gejin. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ƙarfe busasshe ƙayau. Ya daɗe yana kallonsa. Ya murza makulli sau ɗaya, injin ko motsi. Sai ya zauna a kan wani dutse bakin hanya, Darakta guda da singileti, masu acaɓa na wucewa suna leƙensa. Na ce, "Yallaɓai, ko in kira janwe?" Can ya ce, a hankali, "Habibu, injin Baba ya buga." Idonsa ya kawo ruwa. Tausayinsa ya kama ni, na juya baya na yi kamar ina neman lamba a waya.

Da aka jawo motar gida, manyan sun daɗe da tafiya, wai kowa an kira shi gida da gaggawa. Oga ya tambayi Baba Audu ina bahon. Ya kai mu bayan gida. Baho cike maƙil, ninkin abin da injin ke ɗauka, sabon mai na ƙyalli a cikin baƙin. Baba Audu ya faɗi abin da aka sa shi, bai ma san ya tona asirin kowa ba. Oga ya juya ya shige ciki.

Kuna tsammanin sun ɓuya? Washegari Lahadi da yamma na koma karɓar sauran fayil, sai ga su sun zo jaje, tare, da kwandon lemo da kankana daga Zuba. Mutanen da ba sa ga maciji da juna, ran nan motarsu ɗaya. Alhaji Tanimu ya zauna ya yi ta jan carbi.

"Ƙaddara ce, ranka ya daɗe. Tsohon ƙarfe, dama kwanansa ne ya ƙare."

"Oga, wataƙila man da aka aiko jabu ne," in ji Mista Bulus. "Yanzu ko a waje ana cuta."

Na zuba wa Oga ido ina jira ya fashe. Ni da ni ne, kwandon nan a kansu zai ƙare. Shi kuwa ya ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci." Ya raka su har bakin ƙofa. Da ya dawo ya tsaya kusa da motar, ya ce mini, "Da ɗayansu ya ce mini sun zubar, da yanzu tana da rai." Sannan ya ce, "Habibu, ayyukan nan da suke zuwa kullum suna ce mini an gama komai, su ma haka suke?" Na ce, "Yallaɓai, ni fayil kawai nake ɗauka." Ya ce, "Gobe ka ce wa direba ya cika tanki."

Daga Litinin ɗin nan har ya yi ritaya, ba wanda ya sake ce masa an kammala aiki ya sa hannu yana zaune. Ko a Kurudu ne, ko bayan gari inda mota ba ta shiga, sai ya je ya taɓa da hannunsa, ko wa ya rantse, ko furfurar mutum ta kai ƙirji. Aka yi ta gunaguni wai Darakta ya zama mai zargi, ba ya ganin girman kowa. Abin da ya gano a yawon nan kuwa labarin wata rana ne, kuma ba mai daɗi ba.

Kujerar mataimaki fa? Bai rubuta wa ko ɗayansu alheri ba, bai kuma rubuta sharri ba, don ya ce abin gidansa ne, ba na gwamnati ba. Suka jira ya tafi. Wanda ya gaje shi mai son a tsuguna masa ne, cikin ɗan lokaci Alhaji Tanimu ya hau, Mista Bulus ya samu tasa a wani sashe. Dukansu sun kai inda suke so, sun yi ritaya da walima da jawabai, an kira su haziƙai masu riƙon amana. Na zauna a wurin ina jin jawabin, na yi tsaki har na kusa da ni ya waigo.

Injin kuwa bai tashi ba. An nemi kayansa a Legas, an nema a waje, wani ya ce a sa mata na wata mota, Oga ya ce to ai ta zama wata motar ke nan. Abin da aikin nan ya koya mini, kuma nake so ku riƙe, shi ne ɓarna ba ta cika kashe abu a wurinmu ba, rufe ta ke kashewa. Idan kun zubar, ku ce kun zubar tun abin yana galan ɗaya. Idan kuma kun zama manya wani ya dafe ƙirji ya ce ko ba ku yarda da shi ba, ku ba shi haƙuri da ladabi, sannan ku duba.

Bara na je gaishe da Oga Sambo. Ya tsufa, ya rame. Motar tana nan a kusurwar gida, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyin sun sace sun zauna a ƙasa. Muka wuce ta gefenta za mu shiga falo, na rage tafiya ina tsammanin zai ɗaga mini in gan ta. Bai ko kalli wajen ba.